Sabon Fim Cikin Takaba

Laraba da dare, Dandamisa

Yau ma shagon hayar finafinai na Makarfi sun aiko da sabon faifai. Rajistar shekara marigayi maigidana ya yi mana, duk fim ɗin da ya fito sai an kawo. Ko ledar ban buɗe ba uwar mijina ta ɗaga labule.

"Haba Rabi! Mai takaba da kallo? Me gari zai ce?"

"Ba kallo zan yi ba, Inna."

Ƙarya nake. Na gaji da ƙirga azarar ɗakin nan.

Jibi faifan zai koma ban gani ba, kamar shidan baya. Inna ta ce in aika a daina kawowa. Wallahi ba zan aika ba. Faifan nan shi kaɗai ke shigo mini ba gaisuwar mutuwa ya kawo ba.