Tsohon da ke Bakin Taga

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓin da ba ya kwantarwa.

Abokina Mahir ya ja ni kallon wani fim ɗin Jamus da ba kowa ya san shi ba. Tsoho ne ya mutu zaune a bakin taga, maƙwabta suka shekara suna ɗaga masa hannu, ba su san ya mutu ba. Masu sharhi sun ce gwanin ban dariya ne. Mutane na ta ƙyaƙyatawa, ni ko jikina ya yi sanyi.

A Hayyin Ashir ma akwai dattijon da nake gaidawa ta taga kullum. Jiya na lura bai taɓa amsawa ba.

Yaya, in kun ji ni shiru, kada ku ce karatu ne. Ku kira.

Ƙaninki,
Lawali