Mai Maki Uku

Bolos, 4 ga Maris

Stamatis mijina,

Gaisuwa da kewa. Ya teku, ya ciwon bayanka?

Likita ta nuna mini 'yan tayinmu biyu, waɗanda aka haɗa a asibiti, na'ura ta kwana biyar tana kallon girmansu. Ta ba ɗaya maki tara cikin goma, ɗayan uku. An dasa mini mai tara, mai uku aka mayar da shi ƙanƙara. Tun ban sauko daga gadon ba, mahaifiyarka ta raɗa wa mai tara sunan marigayi babanka, Lefteris, tunda ɗan fari sunan kakansa yake ci. Ta kunna masa kyandir a coci, ta gaya wa duk unguwa. Tsoro nake ji. Shekarata arba'in da biyu, kuma ƙwai ya ƙare.

Taka,
Ebdokiya

Bolos, 19 ga Mayu

Stamatis,

Ina fata kana lafiya. Ni dai da sauƙi.

Ka san mai tara bai zauna ba. Mahaifiyarka ta sa baƙaƙen kaya, tana cewa an ba ni iri mai kyau, ƙasar ce ba ta da albarka. Kai kuma da na yi maka zancen mai uku a waya, ka ce in yi yadda na ga dama, kada dai a dame ka da ragowa. Kalmar nan ta ƙona ni, har yau ban huce ba. Likita ta ce maki hasashe ne kawai, ba alkawari ba. Jiya babana ya rufe shagonsa ya kai ni asibiti, ya zauna a ƙofa har aka gama dashen mai uku.

Ebdokiya

Bolos, 27 ga Fabrairu

Stamatis,

Ina gaishe ka. Mu biyu muna lafiya, namiji ne, da kunnuwanka.

Na ga saƙonka cewa za ka sauka daga jirgi don baftisma, wai Lefteris ƙarami yana jiran ubansa. Mahaifiyarka ma ta zo da gicciye na zinare, tana kiransa da sunan. Na bar ta ta ɗauke shi, jikanta ne. Amma sunan nan kun riga kun ba mai tara, kun yi makokinsa, ya tafi da shi. Wata tara ba wanda ya kunna wa wannan kyandir a gidanku. Anestis za a sa masa, sunan babana. Na gaya wa limamin coci.

In ka zo, akwai kujera.

Ebdokiya, uwar ragowa