Inna, An Yi Wa Sunanki Takarda

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Ta-Maradi,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya sa kina cikin rahama, Inna, yau ƙorafi na kawo miki, don raina a ɓace yake.

Shekara talatin kina daka yaji a Zongo, har mutane suka manta sunanki na yanka, sai dai a ce yajin Ta-Maradi. Sau nawa na roƙe ki mu je buro, ofishin rajista, a yi wa sunan nan takarda? Sai ki harare ni ki ce, “Hancin mutane ne takardata.” Ranar da aka ɗaga allon shago an yanka rago, liman ya yi addu'a, an raba waina. A wurinki magana ta ƙare ke nan.

To, Bashir ɗan Kawu Sani, wanda kika goya a bayanki, ya je ya rubuta sunan a matsayin nasa. Ya buɗe butik, kantin sayar da yaji, a unguwar Koira Kano. Makon jiya aka kawo mini takarda mai hatimi, wai in sauke allonki.

Na kwashi Baba Liman da ƙawayenki biyu a taksi muka tafi buro. Ma'aikacin ya saurare su da ladabi, har ruwa ya ba su, sannan ya fahimtar da ni cewa wanda ya riga rubutawa shi doka ta sani. Wanda ya ce ya riga amfani da suna sai ya kawo shaidar da za a sa cikin dosiye, wato fayil ɗin takardu. Wace shaida, Inna? A farar leda kike ƙulla yajinki, ko tambari babu. Liman kuwa ba ya shiga dosiye.

Abin da ya fi ƙona mini rai, jiya wata tsohuwa ta zo da kwalbar Bashir, sunanki ɓaro-ɓaro a jiki, tana yi mini faɗa wai mun lalata yajin uwarmu da gishiri.

Yanzu bari in faɗa miki laifina. Kin tuna mai hoton da ya ɗauke ki ranar buɗe shago, kina riƙe da taɓarya, allon yana bisa kanki? Kin ce ya fito da ke kamar mai jiran faɗa, kika ba ni in ƙona. Ban ƙona ba. Yana ƙasan akwatina, da hatimin mai hoton da kwanan wata a bayansa. Gobe zan kai shi. Ban san ko zai isa ba, amma allon nan ba zan sauke shi da hannuna ba.

Na yi kewarki, har da harararki. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki taurin kanki, ni ma ki yafe mini nawa, don a wurinki na gado shi.

'Yarki,
Rabi