Sunan da Zan Raɗa wa Ɗan Balsha

Zuwa ga Malama Senka, mai filin shawarwari.

Ki taimaka mini da kunnenki, 'yata, domin a ƙauyenmu babu wanda zan gaya wa maganar nan ba ta riga ni isa kantin gari ba. Ban yi makaranta ba. Ƙanwata Miluna ce take rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta rage ko kalma. Ita ce ta matsa sai an canza sunayen mutane. Wannan ya ƙona mini rai, ni da aikina duk duniya riƙe suna ne, amma na bar ta.

Mu mutanen Piva ne. Ina saurayi aka tare kogi, ruwa ya hau ya cinye ƙauyenmu na kwari, muka hauro tudu. Tun daga lokacin ni ake tambaya: gidan wa ne kusa da injin niƙa, wa ya auri wa, gonar wa ta yi iyaka da ta wa. Amma abin da ke kaina ƙashi ne kawai, naman yana wurin Radule. Radule mai gusle ne, wato gogen ƙasarmu, ya girme ni. In ya ɗora baka a kan tsirkiyar nan guda ɗaya, sai ya bi ƙauyen da ya nutse gida gida, daga gada har coci, ya ambaci kowa da halinsa, har da karnuka. Bayan shi babu wanda ya riƙe waƙar daga farko zuwa ƙarshe.

'Yata da ke Jamus ta taɓa aiko mini da waya. Ba ta da kwalliya ko kaɗan. An ce kamfanin da ya ƙera ta bai ƙara komai a cikinta ba, yadda aka ba shi tsarin haka ya bar shi. Akwai jan ɗigo a kusurwar dama. In na danna sai ta yi ta sauraro har sai na sake dannawa. Da ita na ɗauki muryoyin tsofaffi da yawa, kuma ba ta taɓa yin abin da ban sa ta ba. Jaka ce, amma jakar kirki.

Da gilashinta ya fashe sai na kai wa Balsha a shagonsa na waya a garin Pluzhine. Ni ne kum na gidansu, wato uban baftisma. Ubana ya riƙe ubansa ranar baftisma, ni na riƙe shi, ni na raɗa masa sunan da yake amsawa. Ya juya wayar ya ce, "Haba kum, har yanzu wannan tsirarar kake yawo da ita? Ga wadda kamfani ya yi wa sutura. Tana tunani da kanta, tana tattalin batir, tana share datti, kai dai ka zauna ka sha kofi." Na ce masa ni ba na neman mai tunani, ina da kai. Ya yi dariya, ya kwashe mini muryoyin ya zuba a sabuwar, ya jefa tsohuwar a kwali.

Tun daga ranar ban huta ba. Yau jan ɗigon yana nan, gobe ya koma wani ɗaki. Ina zaune sai ta yi ƙara, in kai wa Miluna ta duba, ta ce talla ce ta takalmi. Kullum tana roƙon in bar ta ta yi shara, kamar sabuwar suruka mai neman suna. Na haƙura, don na ce yaron ya fi ni sanin sana'arsa.

Shekaru ina bin Radule ya bar ni in ɗauki waƙar, yana cewa muryarsa ba cuku ba ce da za a cusa a salka a ajiye. Bana da kaka ƙirjinsa ya fara ciwo, sai ya aiko in zo. Surukarsa ta yi mana kachamak, tuwon masara da cuku, muka ci, ya sa aka sauko masa da gusle. Na danna jan ɗigon da idona, na ga yana ƙiftawa, na ajiye wayar a kan tebur kusa da burodi. Ya fara bayan rana ta raba, bai tsaya ba sai da shanu suka dawo. Ya yi baitin gidan ubana. Ya yi uwata tana korar awaki daga lambun kabeji da sunayen da take kiransu, abin da ni kaina na manta. Da ya gama ya ce, "To, ka samu. Kada ka sake damuna."

Na dawo gida na kunna. Na ji yana gyara tsirkiya, na ji tarinsa, na ji ya ce, "Ka danna abin naka?" Na ji gidajen bakin gada. Daga nan shiru. Ko gidan ubana ba a kai ba. Washegari na koma, na tarar ya kwanta, murya ta tafi. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka muka binne shi.

Na sauka Pluzhine da wayar. Shagon cike da samari. Balsha ya latsa nan ya latsa can ya ce ai ba lalacewa ta yi ba, haka kamfanin ya tsara ta: in fuskarta ta yi duhu na ɗan lokaci, sai ta kwantar da duk abin da ke aiki don kada batir ya ƙare, sai in ka shiga can ciki ka ba rikodar izini. Ya ce, "Kowa ya san wannan, kum." Na ce ni ban sani ba, kuma kai ka san ban sani ba. Wani yaro mai ɗan kunne ya ce shi ya sa shi ba ya sayen waya sai tsirara, wani ya ce tsirara ta talakan tunani ce, suka kama gardama a kaina kamar ba na wurin. Sai Balsha ya ce, yana murmushi, "Kum, gaskiya waƙar Radule ko mutum aka ba sai ya yi barci, balle waya." Suka fashe da dariya. Na ɗauki hulata na fita.

Yanzu ga abin da na shirya. Matar Balsha, Tijana, ta haifi namiji, za a yi baftisma ƙarshen wata. Kin san al'adarmu: kum ne yake faɗin sunan jariri a gaban fada, limamin coci, kuma ba a mayar masa da magana. Zan ce Obren.

Obren kakan Balsha ne. Lokacin da ruwa yake tahowa, kowane gida ya tono mamatansa ya hauro da su tudu. Akwai gidajen da mutanensu suka yi nisa, ba mai tono musu, Obren ya ce shi ya ɗauka. Ya hauro da duwatsun kaburbura, ya jera su tsaf, ya share, ya dasa furanni. Ƙasusuwan ya bar su a kwari. Na gani da idona, ni da wasu da yanzu duk sun mutu sai mata biyu uku. Har yau mutane suna zuwa daga nesa su kunna kyandir a kan dutsen da babu kowa a ƙarƙashinsa. Shi ya sa ba a sake raɗa wa yaro Obren a ƙauyenmu ba. Balsha bai sani ba, ubansa ya roƙe ni na rufe bakina. In na faɗi sunan zai ɗauka girmamawa ce, zai rungume ni. Sai an zauna cin abinci, an cika kofuna, an ce kum ya yi magana, sannan in miƙe in ba su labarin tun daga farko, in ce jika ya gaji kakansa: ado a sama, ƙasa ba komai. Ina so in ga ko samarin shagonsa za su yi dariya ranar.

Miluna ta ajiye biro ta ce jaririn me ya yi mini. Na ce Radule me ya yi wa wayar? Ki gaya mini abu biyu, 'yata. Akwai mai iya fito da waƙar daga cikin ƙarfen nan? In babu, ki gaya mini wanda ya fi ni gaskiya.

Tsohon Kum, daga tudun Piva.

*

Baba,

Allah ya ji ƙan Radule, ya ba ka haƙurin rashinsa. Rashi biyu ka yi a kaka ɗaya, kuma na biyun aka yi maka dariya a kansa. Fushinka yana da tushe.

Tambayarka ta farko amsarta ba daɗi. Waƙar ba goge ta aka yi ba, tun farko ba a ɗauke ta ba. Babu abin da za a tono. Duk wanda ya ce maka zai fito da ita, yaudararka zai yi.

Game da wayoyin, samarin shagon kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Kwalliyar da kamfanoni suke ƙarawa ba duka ce banza ba. Makiyayin da yake kwana a tsauni babu wuta yana gode wa wannan tattalin batirin, kuma akwai tsofaffin da manyan haruffa da sauƙaƙƙen tsari na irin waɗannan wayoyin suka taimaka musu. Amma waya mara ƙari tana da abin da ya fi maka amfani: tana tsayawa inda ka bar ta. Kamfanin da ya yanke wa mutum hukunci a ɓoye, ya binne maɓallin gyarawa inda sai mai karatu zai gano, ya yi laifi. Balsha ma ya yi. Ya san abin da kake yi da waya, ya san ba ka karatu, ya sayar maka da abin da ya burge shi ba abin da ya dace da kai ba. Dariyar ta fi duka muni. Ina zaton kunya ce ta kama shi a gaban abokansa ya rufe ta da wasa, amma wannan bai wanke shi ba.

Duk da haka, kada ka faɗi sunan nan.

Ka duba wanda dutsen zai faɗa wa. Balsha zai ji kunya na wata ɗaya ko shekara, ya koma shagonsa. Kamfanin ba zai ma san an yi ba. Yaron ne zai ɗauka, da Tijana da ba ta sayar maka da komai ba, da mutanen da suke zuwa daga nesa da kyandir, waɗanda za su ji gaskiyar kaburburan iyayensu a bakin mashaya maimakon a zaunar da su a gaya musu da mutunci. In lokacin faɗin labarin Obren ya yi, wannan wata magana ce, ka shawarci fada da matan da suka gani. Ba a teburin suna ba, ba kuma don ramuwa ba.

Ka duba kanka ma. Mutanen Piva suna yarda da abin da ka faɗa ne domin ba su taɓa ganin ka yi wuƙa da shi ba. Ranar da ka yi, kowane gida zai fara tunanin abin da ka sani a kansa, kuma tsofaffi za su daina buɗe maka baki. Wannan asarar ta fi ta waƙa ɗaya.

Ga ramuwar da na yarda maka. Kafin baftisma ka je wurin Balsha, a gidansa ba a shago ba. Ka gaya masa abin da ya ɓace da abin da dariyarsa ta yi maka, kada ka sassauta. Sannan ka ɗora masa aiki. Ya gyara tsohuwar wayarka in tana nan, ko ya nemo maka irinta. In sabuwar za ka riƙe, ya ba rikodar izinin a gabanka, ya kashe tallar, ku gwada ta wuni guda kafin ka yarda. Bayan haka ya rufe shago duk Asabar ya ɗauke ka a motarsa. Radule ya yi waƙar nan a bukukuwa shekara da shekaru. Babu wanda ya riƙe ta duka, amma kowane gida ya riƙe baitin da aka ambaci nasa, kuma tabbas wani ya taɓa ɗaukar wani yanki a bikin aure. Kai ka san jerin gidajen daga gada zuwa coci, kai kaɗai za ka iya haɗa su. Ba za ta dawo yadda take ba, za a sami giɓi, muryar ma ba tasa ba ce. Amma a bar Balsha ya zauna ya riƙe wayar, ya saurari kowace tsohuwa har ta gama, ba barci.

In ka je ya sake yi maka dariya, kana da haƙƙin ka ce ba za ka tsaya a coci ba, su nemi wani kum. Wannan hukunci ne mai nauyi a wurinmu, kuma a kan mai laifin zai sauka. In kuwa ka tsaya, ka zaɓi suna mai tsabta, wanda ba ya ɗauke da fushinka ko baƙin cikinka. Yaron zai amsa shi a makaranta, a ranar aurensa, da lokacin da babu kai, babu ubansa, kuma duk wanda ya tambaye shi wa ya raɗa masa, kai zai ambata.

Ka gaishe mini da Miluna, ta yi daidai da ta ajiye biron. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon kwana, ya raya jaririn.

Senka