Citta a Aljihun Meshak

Kwoi, Fabrairu 1992

Zuwa ga maigidana Meshak, wanda ya manta da tsohuwar matarsa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni kakarka lafiya lau, sai gwiwa, ita ma ta fi ka aiko mini da labari.

Emilia 'yar kawunka ta dawo daga Zariya da zancen da ya hana zumuntar matan coci waƙa ranar Talata. Wai ta same ka gaban madubi kana ta rusunawa kamar kaza na shan ruwa, kana wani yare. Ta ce Japananci ne, akwai intabiyu a Legas, in ka ci su ɗauke ka karatun noma a ƙasarsu. Wannan na yi murna. Har na gwada rusunawar a gaban Fasto, sai da aka kama ni aka miƙar.

Amma ta ce ta tambaye ka abin da kake ta maimaitawa, ka ce: "Burina in yi aiki a babban kamfani a Tokyo, in zauna can." A gaban kawunka Kumai ta faɗa. Ka san tun rasuwar babanka idonsa yana kan gonar rafi. Ni na tsaya, na ce ta ɗan marigayi ce, yana zuwa. Yanzu Kumai ya ce tunda ba ka dawowa, a tono irin cittar da na bari a ƙasa, a tsaga, a shanya, a sayar wa 'yan kasuwar Kachia, shi kuma ya sa masara a gonar. Dattawa sun ba ni wa'adi zuwa ruwan fari.

Irin nan babanka ya zaɓo shi da hannunsa. Kowace shekara ina barin gefe guda a ƙasa, in rufe da ciyawa. In aka tsaga shi aka shanya, ya ƙare. Ka faɗa mini: in shuka ko in sayar?

Matarka ta fari,
Afiniki

Samaru, Zariya, Maris 1992

Kakata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta same ni, hankalina kuma ya tashi.

Kaka, maganar da Emilia ta ji ba tawa ba ce. A ƙarshen intabiyu sukan tambayi mutum burinsa na nan gaba, ya amsa da harshensu. Littafin da muke koyo da shi yana da misalin amsa, shi dukanmu masu neman tafiyar muka haddace. Ita kaɗai nake iya faɗa ba tare da harshena ya harɗe ba.

Abin da ke raina daban ne. Ina son in gano abin da ke sa citta ruɓewa a ƙasa, kamar shekarar da babana ya tona rabi ya tarar da ruwa. Amma ba ni da kalmomin, kuma ina jin nauyi. Sauran suna maganar injuna da kamfanoni, ni in tashi in ce citta?

Ba zan ɓoye miki ba: da na yi ta maimaita amsar littafin, ta fara yi mini daɗi a baki. Ban san ko zan dawo ba. Ki ba ni lokaci.

Jikanki mai biyayya,
Meshak

Kwoi, Maris 1992

Maigida sarkin rusunawa,

Gaisuwa kaɗan, don ba ka ci mai yawa ba.

Lokacin da kake roƙo ba a hannuna yake ba, yana sama. Ranar Lahadi aka yi yayyafi. Litinin da sassafe ga Kumai da fartanya da dattawa a bayansa, wai ruwan fari ya sauka. Na ce wannan ba ruwa ba ne, sama ce ta yi atishawa. Ruwan fari sai ƙasa ta jiƙe tsawon yatsa, haka muka taso muka tarar. Suka ce a gwada. Na kai su bakin gona, na nuna wuri, tsoho Boaz ya cusa yatsa, ya fito da ƙura. Ba wanda ya tambaye ni inda babban kwanon wankina ya kwana a kife, balle dalilin da ya sa yake jingine a gindin mangwaro, da laka a bakinsa. Kumai ya dubi kwano, ya dube ni, na ce masa ina kwana. Sau ɗaya irin wannan ke ci, ka sani.

Yanzu kai. Wato za ka sa taye ka tafi har Legas ka faɗi burin wani? Kana tsammani Allah ba ya jin Japananci? In can kake son zama, faɗa da bakinka, zan yi kuka in share, ban hana ka ba. Amma a ce littafi ya cinye gonar babanka, wannan ban yarda ba.

Ga ƙulli na ba direban Kafanchan. Citta ce ɗaya daga irin. Ka sa a aljihu ranar. Ba magani ba ce, kada ka je ka ce kakarka ta fara tsafi. In Japanancin ya ƙare maka, aƙalla kana da abin taunawa.

Wadda ba ta da kwano na biyu,
Afiniki

Legas, Afrilu 1992

Kakata,

Ina gaishe ki. Yanzu na fito, a benci nake rubutu.

Ni ne kusan na ƙarshe. Wani dattijon Bajapane mai furfura ya yi tambayar burin. Na rusuna, na fara: "Burina in yi aiki a babban kamfani..." Sai ya lumshe ido ya ƙarasa mini sauran, kalma bayan kalma. Tun safe yake jin ta. Ya ce a hankali, "Wannan na littafi ne. Naka fa?"

Kaka, kaina ya zama fanko. Na sa hannu a aljihu neman hankici, na ji cittarki. Zafin Legas da gumina sun sa ta tsiro, ɗan kore ya leƙo. Na ɗora ta a kan tebur. Da ɗan guntun Japanancin da ya rage mini na ce: "Ta babana. Tana ruɓewa. Zan koya. Zan koma gida." Kamar ɗan yaye. Sai da na ji ta a kunnena na san gaskiya na faɗa.

Dattijon ya ɗauka, ya sansana, ya ɓalli gefe ya tauna. Ashe su ma suna ci, amma tasu ba ta da faɗa irin ta Kwoi. Ya yi tari, hawaye ya zubo, ya nemi ruwa, yana dariya. Daga nan muka koma Turanci, ya yi ta tambayata yadda ake rufe ta da ciyawa har aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ban san ko na ci ba, sai sun rubuto. Ko na ci ko ban ci ba, ki shuka. Na rubuta wa Kawu Kumai da dattawa, da ladabi.

Naki,
Meshak

Kwoi, Afrilu 1992

Maigidana,

Na gode wa Ubangiji. Wasiƙarka ta riga ruwa da kwana ɗaya. Boaz ya karanta wadda ka rubuta wa dattawa a gaban kowa, Kumai ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Da ruwa ya sauka na gaske, shi ya fara zuwa taya ni yanka iri, yana gunaguni. Na ba shi gefen tudu ya sa masararsa. Gwiwata ma ta saki.

Mun shuka, mun rufe. Rami ɗaya na bari a buɗe a bakin rafi. Ka dawo mini da abin da Bajapanen ya rage, ka sa da hannunka kafin su kira ka. Iri na ba ka, ban ce ka yi wa baƙi biki ba.

Matarka da ba ta zuwa ko'ina,
Afiniki