Shekaru Shida a Rumfar Wasa Zarto

Alcide Morneault,
Lamba 8, Titin Tsohuwar Gada,
Sainte-Odile, Jihar Maine.
6 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga:
Manaja,
Ofishin Biyan Kuɗin Nakasa na Ma'aikata,
Reshen Arewa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN RANAR DA AKA CE NA NAKASA, DA LISSAFIN DA AKA ƊORA A KANTA (FAYIL MAI LAMBA 4471-M)

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne mai suna a sama, shekaruna sittin da ɗaya, mai saran itace a dajin arewa tun ina ɗan shekara sha bakwai. Ban saba rubuta wa hukuma ba. Hasali ma ban iya rubutu ba sai da na kai hamsin da huɗu, a ajin yamma da ake yi a ƙarƙashin coci. Idan layi ya karkace, a yi haƙuri.

Da ni kaɗai abin ya shafa, da na yi shiru. To amma ranar 3 ga Oktoba gungume ya birgimo ya karya wa Ludger Sirois ƙugu. Ludger abokin aikina ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Ayarinmu zai koma daji ranar 4 ga Disamba idan ƙasa ta daskare, kuma sun ce in faɗa musu abin da za su yi da shi: su tafi da shi su riƙe shi yadda suka riƙe ni, ko su sallame shi ya zo tagar ofishinku. Ba zan iya ba su amsa ba sai na san yadda ofishinku zai yi da nawa. Ga ƙorafina.

1. Takardarku ta ranar 9 ga Mayu, 2023, ta ce na nakasa ranar 31 ga Maris, 2022. Da girmamawa, babu abin da ya same ni a wannan rana. Na sha kofi, na rataye rigata a ƙusa, na tafi gida. Ranar da abu ya same ni ita ce 21 ga Janairu, 2016, lokacin da busasshen reshe ya faɗo mini a gadon baya. Tun daga ranar ban ƙara kayar da itace ba, kuma hannuna na dama ba ya riƙe abu da kyau. Likitan asibitin gunduma ya rubuta haka, kwafi yana cikin fayil.

2. Ina roƙon a fahimci abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu. A wajenmu da lodi ake biyan ayari, a raba kuɗin tsakanin mutum bakwai. Idan ɗaya ya ji ciwon da ba zai warke ba, ba a korar shi. Sai a ce wai ana neman mai wasa haƙoran zarto, a kafa masa rumfa a bakin daji, a sa masa murhu da magagari, kowa ya rage kaɗan daga rabonsa a haɗa masa albashi. Haka aka yi wa kawuna, haka aka yi wa surukin Ludger. Sharaɗin ɗaya ne, kuma ba wanda ya taɓa faɗarsa da baki: ba a cewa riƙe mutum ake yi. Shi ma ba ya cewa. Helumanmu, wato shugaban ayari, Rosaire Lizotte, ya zo gidana a watan Afrilun 2016, ya cinye waken da matata Fernande ta dafa, ya yi ta mitar cewa duk zartunan ayari sun dakushe, yaran yanzu ko wuƙar yanka burodi ba su iya wasawa ba, in taimake shi don Allah. Na ce zan duba. Ranar Litinin na je. Suka sa mini suna Injiniya. Kowace safiya sai wani ya leƙo ya tambaya ko Injiniya ya tashi daga barci, ko a dawo bayan cin rana.

3. Ranar 12 ga Yuni na je ofishinku. Ma'aikaciyar da ke taga ta uku ta yi mini bayani da haƙuri, ba ni da ƙorafi a kanta. Ban katse ta ba, kuma ga abin da na ji, a gyara mini idan na yi kuskure. Ana ɗaukar albashin mutum na kowace shekara tun yana saurayi har zuwa ranar da ya nakasa. Ana ɗaga tsofaffin albashi su yi daidai da kuɗin yau. Ana zubar da 'yan shekarun da suka fi muni. Sauran a haɗa a raba, abin da ya fito a kansa ake yanka kuɗin wata. Shekarun da aka zubar mini su ne na lokacin da aka rufe masana'antar takarda, babu mai sayen katako. Saboda haka shekaru shida na rumfa suka shiga lissafi gaba ɗayansu, alhali abin da nake samu a cikinsu bai kai rabin na da ba. Suka ja matsakaicin ƙasa. Yanzu ana biyana dala 1,140 a wata. Ta ce da ranar 2016 aka yi aiki da ita, da ƙarin ya kusa dala 160. A gidanmu wannan shi ne kuɗin man ɗumama ɗaki.

Na tambaye ta me ya sa ba a yi aiki da ranar 2016 ba. Ta ce akwai wani layi: wanda albashinsa na wata ya haura shi, ana ɗauka yana iya aiki. Nawa ya haura da kaɗan. Na san dalilin wannan kaɗan ɗin. A shekarar farko Fernande ta yi rashin lafiya, ayari suka ƙara mini ba tare da sun ce komai ba, ba su kuma rage ba.

4. Ma'aikaciyar ta ce akwai mafita. Idan mai ba da aiki ya tabbatar cewa abin da ake biyana ya fi aikin da nake yi, wato taimako ne, za a cire shi daga lissafi. Aka aika wa Rosaire takardar tambayoyi a watan Yuli. Ranar 29 ga Agusta amsarku ta zo: an ƙi. Dalili shi ne abin da Rosaire ya rubuta. An tambaye shi ko ina yin aiki daidai da sauran ma'aikata, ya ce na fi su. An tambaye shi ko ana sassauta mini, ya ce ba a taɓa ba. An tambaye shi ko albashina ya fi ƙarfin aikina, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ko kwabo ban ci a banza ba, kuma babu mai wasa zarto kamata daga nan har bakin iyaka.

Na same shi a garejinsa bayan an tashi daga coci, na nuna masa takardar. Ya karanta yana motsa leɓe, ya zagi gwamnati, ya zagi wanda ya ƙirƙiro biro. Na ce masa ya sake cikawa da gaskiya. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce: "Injiniya, shekara talatin muna ci a tukunya ɗaya. Yanzu so kake in rubuta wa baƙi cewa kai kaya ne? Ka nemi wani ya rubuta, ni hannuna ba zai yi ba."

Ina roƙon kada a tuhumi Rosaire da yi wa hukuma ƙarya. A saninsa shaida ce aka nema a kan mutuncina, ya kuwa ba da ita.

5. Tun da shi ba zai rubuta ba, ni zan rubuta, kuma ina shirye in rantse a kai. Aikin rumfa bai wuce na awa ɗaya a rana ba. Sauran lokacin ina iza wuta ina karanta littafin aji. Hannuna yana rawa, haƙoran zarton ba sa fitowa daidai. Duk sarƙar zarton inji da na wasa, mai ita yakan karɓa ya yi godiya, ya zaga bayan babbar mota ya sake wasa ta da kansa. Ƙarar magagari ba ta ɓuya a daji, ranka ya daɗe. Ina jin ta. Wanda ya fi yawan zagawa bayan motar Ludger ne, domin shi ya fi kawo mini sarƙa, har wadda ba ta dakushe ba. Na bar rumfar a 2022 ne don farashin katako ya faɗi, na ga rabon kowa ya yi ƙanƙanta, na ce bayana ya matsa mini. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har Fernande. Ita ce za ta kai wasiƙar nan gidan waya, na kuma roƙe ta kada ta buɗe.

6. Tambayar da ke takardarku babu laifi a cikinta. Sai dai an aika ta ga mutumin da al'adarsa ta hana shi amsa ta, kuma duk heluman da kuka aika wa a wannan kwari haka zai cika muku.

Saboda haka ina roƙo da ladabi:

a) A mayar da ranar nakasata 21 ga Janairu, 2016, a cire shekarun rumfa, a sake lissafi.

b) Idan ana buƙatar shaida, a turo jami'i ya kira mutanen ayari ɗaya bayan ɗaya, ba a gabana ba. Kada a tambaye su ko ni ma'aikacin kirki ne. A tambaye su wa ke wasa musu zarto.

c) A ba ni amsa a rubuce kafin 4 ga Disamba.

Ludger yana da shekara arba'in da huɗu. Idan aka riƙe shi, zai iya yin shekara goma sha biyar a rumfar nan, kuma na ga abin da shida suka yi wa lissafi. Rosaire ya riga ya gyara murhun, ya fara mitar cewa zartuna sun dakushe. Idan amsa ba ta zo ba, ko ta zo ba a canja lissafin ba, zan ce wa ayari kada su tafi da shi. Rosaire ba zai iya zuwa gidan Ludger ya faɗa masa ba, don haka ni zan je. Ina roƙon ofishinku ya rage mini wannan tafiya.

Na gode da lokacin da aka ba wannan takarda. Allah Ya ƙara girma.

Naku cikin ladabi,

Alcide Morneault
(sa hannu da hagu)