Karan da Baba Ya Hana a Taɓa

Dingaya, Gwaram,
Tsakiyar damina.

Zuwa ga maigidana, Baban Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Mahaifinka yana sa maka albarka, ƙafar tasa dai tana nan yadda ka bar ta. Tunda ka ce inda aka kai ku babu sabis, na koma biro da takarda, saura kuma ka yi wa rubutuna dariya.

Labarin da ke gari kai soja ka fi mu saninsa. Sojoji sun kifar da gwamnati a Nijar, an rufe iyaka, ana ta cewa za a tura ku can. Ƙanin nan naka Isma'ila kuwa, sarkin surutu, wai da ma a yi mana irin wannan juyin mulki a nan ko tsada ta sauka. Baba ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce shi ya sha wayar gari da badujala a rediyo, bai taɓa ganin ta sauke farashin gero ba. Ya ce shugaban da za ka iya saukewa da ɗan yatsanka ya fi wanda ba ya sauka sai an zubar da jini. Kuma shi bai nemi gwamnati ta yi masa limanci ba, ta dai bar hanya a buɗe, kowa ya yi sallarsa ya nemi abincinsa.

Amma abin da ke cin Baba a rai shi ne Baffa Ja'e. Ka san tun kafin a haife ka Bafulatanin nan yake hawa Nijar da shanunsa da damina, bayan kaka ya sauko ya kafa ruga a gonarmu ta gindin ɗorawa, shanu su ci kara su bar mana taki. Yanzu ga shi an rufe ƙofa yana ciki. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, kuma rairayin gonar nan in bai ga kashin shanu ba, baɗi sai dai mu girbe ciyawa.

Ka kula mini da kanka. Nasiha tana gaida babanta.

Taka har kullum,
Turai

Dingaya,
Bayan kaka.

Baban Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gajiyar aiki? Saƙonka ya iso ta hannun direba, na gode Allah da har yanzu ba a ce ku tsallaka ba.

An gama girbi, an samu dawa daidai gwargwado. Kowa a garin nan ya tattara karansa, wasu sun ɗora a bishiya, wasu sun sayar wa masu kiwon turke. In ka tsaya a bayan gari, ko'ina fayau, gonarmu kaɗai ce a tsaye. Baba ya ce karan na shanun Ja'e ne, kada wanda ya taɓa ko sili ɗaya. Masu saye sun yi zarya har sun gaji. Isma'ila kullum cika yake yana batsewa, shi ke korar awaki daga gonar, ana yi masa tsiya wai mai gadin kara.

Kada hankalinka ya tashi, amma jikin Baba ya motsa, har sai da muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Ana ɗora shi a mota ma maganar karan yake yi. An sallamo mu, sai dai yanzu ba ya tashi sai an kama shi. Duk wanda ya shigo dubiya, tambayarsa ɗaya ce, ko an ga jajayen shanun Ja'e ta wajen Kiyako. Ba wanda ya gani. Wasu sun ce bana makiyayan arewa ba za su sauko ba.

Ni kam tsoro nake ji. In aka yi sake wuta ta kama karan nan, mun yi biyu babu. Abin da ya fi wannan kuma, ina ganin jiran nan ne ke riƙe da tsohon, ban san yadda zai kasance ba ranar da ya fid da rai. Wai ni kam iyakar nan da aka rufe yaya take? Katanga ce, ko ƙofa mai kwaɗo? Kai da kake kusa da ita, ka faɗa mini.

Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Turai

Dingaya,
Ranar Juma'a.

Baban Nasiha, abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yau gaisuwata gajera ce.

Sun zo! Shekaranjiya da hantsi ina shanya kuɓewa sai na ji ƙasa tana wani irin gurnani. Na leƙa, ikon Allah, ƙahoni ne tun daga bakin burtali har inda idona ya ƙare, jajayen shanu suna tafe a natse, ba mai kora ba mai tsawa. Gari kaf ya fito ya tsaya. Ni dai sai hawaye.

A gabansu tsohuwar saniyar nan ce mai karyayyen ƙaho, wadda Nasiha ke kira Hajiya. Ta rame, tana ɗingishi, amma ba ta dubi gonar kowa ba. Ta wuce ta bayan masallaci, ta miƙe har gindin ɗorawa, ta zagaya, ta kwanta daidai inda Baffa Ja'e ke shimfiɗa buzunsa.

Baffa Ja'e ba ya cikinsu. Allah ya yi masa rasuwa tun ruwa bai ɗauke ba. Wanda ya kawo shanun babban ɗansa ne, Zulkifli, magidanci mai furfura a gemu, wanda shi ake bari a gida da tsofaffi, bai taɓa taka ƙasar nan ba. Ya ce mahaifinsa yana jinya ya yi masa wasiyya: akwai wani ɗan'uwansa a kudu da zai bar masa kara, kada a bar shi yana jira. Da ya ce bai san hanya ba, tsohon ya ce ya bi saniyar, inda ta kwanta nan ne. Ta daji suka biyo, ya ce shi bai ga wata iyaka ba, ya dai haɗu da sojoji, na can da na nan, kowa ƙishirwa ta dame shi, duk ya ba su nono. Daga Yalwan Damai gonaki sun cinye burtalin, wurare da yawa ya tsaya bai san gabas ba, ita ce ke yin gaba.

Aka je aka gaya wa Baba. Ya nemi sandarsa. Mutumin da sai an kama shi, wallahi da ƙafarsa ya je gonar, Isma'ila na biye da shi yana share ido. Ya durƙusa gaban saniyar, ya dafa goshinta, ya yi mata sannu da hanya kamar mutum. Sannan ya rungume Zulkifli, ya ce ya rasa ɗan'uwa ya sami ɗa. Shanu kuwa suka shiga karan, ƙarar cinsu har cikin gida muke ji.

Akwai abin da nake so ka sani. Zulkifli ya ce ƙaninsa ma soja ne a can, an kai su bakin iyaka, matarsa ba ta barci. Ni ban san aikinku ba, ba zan koya maka shi ba. Amma nonon da 'yarka ta sha yau da safe na gidansu ne. In ka hango na wancan ɓangaren, ka duba da kyau, akwai ɗan Baba a cikinsu.

Allah ya kashe wutar nan, ya dawo mana da ku duka biyu. Baba ya ce a gaya maka baɗi akwai dawa, ka zo ka yi noma.

Taka mai jiranka,
Turai